Taga, Labule da Kujerun Falo: Tambayoyi da Amsoshi kan Zaɓe da Kulawa

Waɗannan tambayoyi sun fi fitowa daga bakin masu sabon gini, 'yan haya, da iyayen da ke haɗa kayan ɗakin 'ya'yansu. An gina amsoshin a kan yanayin da muke ciki a Arewacin Najeriya: ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, zafin bazara da kan haura digiri 40 a Afrilu, da danshin damina da ya fi nauyi a Agusta. Kayan da bai jure waɗannan ukun ba, komai kyansa a shago, ba zai daɗe a gida ba.

1. Za mu shiga sabon gida. Da me za mu fara kashe kuɗi: taga, labule ko kujeru?

Da taga. Mutane da yawa sukan juya abin, a zuba kuɗi a kujeru da labule saboda su baƙo yake fara gani, a bar taga da ɓaraka a gefenta. Ƙurar da ta samu hanya ta wannan ɓarakar ita ce za ta kwanta a labule, ta shige saƙar yadin kujera, ranar da ke dukan gilashi kuma ta koɗar da launinsu duka.

Kafin a sayi komai, a tsaya a tsakiyar ɗaki a gane inda kowace taga ta fuskanta. Ta gabas tana shan ranar safe, ita ce kuma ruwa yake duka, domin a ƙasarmu hadari ya fi tasowa daga gabas. Ta yamma ce mai wahalarwa: daga bayan azahar har la'asar sakaliya rana na shigowa kai tsaye, a lokacin da bango ya riga ya ɗauki zafi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka tagogin arewa da gabas sun fi cin ƙura. Kowace taga da abin da take bukata, kuma ba dole ba ne a yi musu sutura iri ɗaya.

2. Wacce ta fi: luba, silaidin, ko mai buɗewa kamar ƙofa?

Luba, wato taga mai jerin gilasai a kwance da ake karkatawa, ta fi kowacce ba da iska. Idan an buɗe ta, kusan duk faɗin tagar a buɗe yake, kuma ana iya karkata gilasan ƙasa-ƙasa a sha iska ana yayyafi. Aibinta ba ta rufuwa ruf, ƙura na bi ta tsakanin gilasai ko an kulle ta, kuma zare gilashinta ba wuya ga ɓarawo. Gilasanta sun fi zuwa da faɗin inci 4 ko 6. Idan tsawon gilashi ya wuce inci 36, yakan lanƙwasa a tsakiya ya bar ɓaraka, don haka taga mai faɗi gara a raba ta biyu.

Silaidin ta alminiyom, wadda ake tura fallenta gefe, ta fi arha cikin tagogin zamani, amma rabinta kawai ke buɗewa, abin da mutum zai ji a jikinsa daren bazara idan an ɗauke wuta. Mai buɗewa kamar ƙofa, wadda masu alminiyom ke kira kesmen, tana buɗewa gaba ɗaya, idan an rufe kuma tana danne robar gefe ta toshe ƙura fiye da sauran biyun. Ga ɗakin kwana da falon da za a sa AC, ita muka fi so. Ga kicin, bayi da sito, luba ta wadatar.

3. Ƙyauren taga na katako ko na ƙarfe har yanzu yana da amfani, ko ya zama tsohon yayi?

Yana da amfani, har ma babu abin da ya kai shi a tagar yamma. Dalilin a fili yake: ƙyaure yana tare rana tun daga waje, kafin ta taɓa gilashi. Labule kuwa sai zafin ya riga ya shigo ɗaki yake tare shi. Wannan hikimar ce ta sa iyayenmu suke rataya asabari a bakin ƙofa ta waje, ga inuwa ga iska na ratsawa.

Na katako ba ya ɗaukar zafi sosai, amma yana bukatar busasshen katako mai ƙarfi kamar maɗaci ko iroko. Na ƙarfe ya fi tsaro kuma gara ba ta cinsa, sai dai yana gasuwa da rana ya riƙa huro zafi cikin ɗaki har bayan magariba, musamman idan an yi masa baƙin fenti. A yi masa fari ko ruwan madara. Ƙyaure mai tsaga-tsaga a karkace ya fi na falle ɗaya, domin ana iya rufe shi iska na shiga.

4. Ƙyaurenmu na katako yana ƙin rufuwa da damina, da hunturu kuma sai ya bar ɓaraka. Kafinta ne ya yi kuskure?

Ba lallai ba. Katako yana shan danshin iska ya kumbura, ya kuma tsuke idan iska ta bushe, kuma a Arewa tazarar danshi tsakanin Agusta da Janairu babba ce ƙwarai. Shi ya sa kayan katakon da aka ƙera a Legas ko Fatakwal sukan tsage a hunturunsu na farko a Kano ko Sakkwato. Idan da rani aka yi ƙyauren, kafinta ya bar tazarar milimita 3 zuwa 4 a kowane gefe. Idan da damina ne, ya yi shi daidai cif, domin zai tsuke da kansa.

Wanda ya riga ya kumbura, a fara da ɗaure sukurorin hinji, domin sau da yawa sakin da suka yi ne ya sa ƙyauren ya sunkuya. Idan bai gyaru ba, a shafa alli a gefen firam a rufe, inda allin ya kama nan ne yake gogawa. A kankare wurin kaɗan da samfefa, kar a bari a fere shi da yawa, in ba haka ba da hunturu yatsa zai iya shiga ɓarakar. Sannan a yi fenti ko banish a duk fuskokinsa shida, har da bakin sama da na ƙasa. Waɗannan biyun masu fenti suka fi tsallakewa, ta nan kuma ruwa ya fi shiga.

5. Yaya ake magance tsatsa a ƙyauren ƙarfe da ƙarfen tsaro?

Fenti a kan tsatsa ɓarnar kuɗi ne, za ta ci gaba da ci ta ƙarƙashi har fentin ya ɓamɓare. A kankare da buroshin waya har ƙarfe ya fito fili, a bi da samfefa, a goge da tsumma mai ɗan tina. A shafa jan fentin nan na ƙasa mai hana tsatsa sau ɗaya, a ba shi kwana guda, sannan fentin mai sau biyu, siriri-siriri, da kwana guda a tsakani. A fi mai da hankali ga wuraren walda da bakin ƙasa inda ruwa ke kwanciya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Oktoba, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta sauko ba.

Akwai magana mai nauyi game da ƙarfen tsaro. A kowane ɗakin kwana, a sa mai walda ya yi wa taga ɗaya ƙofa a jikin ƙarfen, mai kwaɗo, a rataye makullin kusa inda duk 'yan gida suka sani. Idan gobara ta tare ƙofar ɗaki, wannan ce mafita.

6. Silaidin ɗinmu ta yi tauri, kuma ruwan sama na taruwa a hanyarta ya zubo ciki. Me za a yi?

Ƙura ce ta cika hanyar. A share da tsohon buroshin haƙori, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Kar a sa giris ko man inji, suna kama ƙura su zama laka mai cinye tayoyin. A goga kyandir a hanyar, ya isa. Idan har yanzu tana ƙara, ƙananan tayoyin da ke ƙarƙashin gilashin sun cinye, ana ɗaga fallen sama a fito da shi a canza su.

Ruwan kuwa, a duba bakin firam na ƙasa ta waje, akwai 'yan ƙananan huji da aka yi don ruwa ya fita. Ko ƙura ta toshe su, ko mai filasta ya rufe su da siminti. A buɗe da waya tun kafin ruwan farko. Gashin nan mai kama da buroshi da ke gefen fallen shi ne ke tare ƙura, idan ya kwanta ana sayar da shi da mita a wurin masu alminiyom.

7. Ragar sauro fa, wacce za a sa?

Ta roba mai arha rana na cinye ta cikin shekara ɗaya ko biyu, ta fara karyewa da an taɓa. Ta alminiyom ko ta zaren gilashi ta fi daɗewa. A sa ta a firam mai cirewa, domin raga tana tara ƙura har ta hana iska wucewa. A ƙarshen hunturu a cire ta a wanke da buroshi mai laushi da ruwan sabulu.

8. Labule ko bulayin?

Bulayin, wato labulen zamani mai naɗewa ko mai falle-falle, ya kasu iri-iri. Akwai mai naɗewa falle ɗaya, wanda ya fi sauƙin gogewa kuma ya fi wuyar lalacewa. Akwai wanda ake kira dare-da-rana, mai layi mai duhu da layi shara-shara, shi ne ake yayi yanzu, amma layin shara-sharan yana riƙe ƙura, gefensa kuma yana zazzarewa idan yana gogar bango. Akwai mai falle a kwance na alminiyom ko katako, wanda kowane falle shimfiɗa ce ga ƙura. Akwai mai falle a tsaye irin na ofis, ba ya tara ƙura sosai, sai dai ƙananan maƙalansa na roba suna karyewa idan yara na wasa da shi.

Bulayin ya dace da kicin, ɗakin karatu, da ƙananan tagogi. Ga tagar da ake bari a buɗe da dare, labule ya fi, domin iska na buga bulayin a bango ya hana barci, ya kuma lanƙwasa. Labule ana iya sauke shi a wanke, kuma ya fi rufe gefe, abin da ke da muhimmanci ga ɗakin da ake son sutura daga idon waje. A lura da wannan: yadi shara-shara yana ɓoye na ciki da rana ne kawai, da an kunna fitila da dare na waje yana ganin komai.

9. Yadi nawa zan saya wa taga ɗaya?

Ba faɗin taga ake aunawa ba, tsawon sandar labule ake aunawa. Sandar ta wuce taga da santimita 20 a kowane gefe, ta kuma hau sama da ita da santimita 15 ko fiye. Faɗin yadin ya ninka tsawon sandar sau 2, shara-shara kuma sau 2 da rabi zuwa 3. Ƙasa da haka labule zai tsaya a miƙe babu tattara.

Misali, taga mai faɗin santimita 120: sanda 160, ninki biyu 320, a ƙara 20 na kalmasar gefe, 340 ke nan. Yadin labule ya fi zuwa da faɗi iri biyu. Idan mai faɗin inci 110 ne, wato kusan santimita 280, faɗin nasa shi ne zai zama tsawon labulen, sai a sayi yadi 4. Idan mai inci 60 ne, sai an haɗa falle 3, kowanne da tsawon daga sanda zuwa ƙasa da ƙarin santimita 30 na kalmasa. In sandar na kan santimita 235 daga daɓe, kusan yadi 9 za a saya. Saboda haka a Kantin Kwari ko wata kasuwa, a tambayi faɗin yadi kafin a tambayi kuɗinsa, domin mai arha a kan yadi ɗaya yakan fi tsada a jimla.

Labule ya tsaya santimita 1 zuwa 2 sama da daɓe. Wanda ke jan ƙasa yana da kyau a hoto, amma a gidan da ake shara da mofa kullum bakinsa ba zai rabu da datti ba.

10. Yaya ake auna bulayin, kuma me ya sa sanda ko bulayin ke fizgowa daga bango?

In a cikin ramin taga za a sa, a auna faɗi a wuri uku, sama, tsakiya da ƙasa, domin filastar gidajenmu ba kasafai take miƙewa ba. A ɗauki mafi ƙanƙanta a rage santimita 1. Ramin ya kai zurfin santimita 7, kuma a tabbatar mariƙin taga ko na luba ba zai tokare shi ba. In a waje za a sa, a ƙara santimita 10 a kowane gefe da sama. Yadin mai naɗewa yakan gaza faɗin ƙarfensa da kusan santimita 3, don haka na cikin rami dole ya bar haske a gefe.

Fizgowa kuwa daga ƙusa take, ko daga bulo maras siminti. A huda da inji, a sa fisha (robar da ake cusawa a huji ta riƙe sukuru) mai milimita 8 da sukuru mai tsawon inci 2, in da hali a jikin linta, inda kankare yake. Idan ramin ya rarake, a cika shi da siminti a bari ya bushe, ko a kafa falanki a bango a ɗaura maƙalan a jikinsa. Sandar da ta wuce mita 2 tana bukatar maƙali na uku a tsakiya. Silin POP ba ya ɗaukar nauyin labule, sai an samu katako ko ƙarfen da ke bayansa.

11. Labule mai kauri baƙi zai rage zafi?

Zai kawo duhu, zafi kuwa sai ya ƙaru, domin launi mai duhu yana shanye hasken rana ya mai da shi zafi a cikin ɗaki. Abin da ke aiki shi ne fuskar da ke kallon waje ta zama fara. A sa tela ya yi wa labulen farin shafi, ko a sayi yadi mai farin baya. Shafin shi ne zai sha rana ya mutu, a canza shi da kuɗi kaɗan, labulen ya tsira. A rufe tagar yamma tun kafin rana ta karkato, ba bayan ɗaki ya gasu ba. Maganin da ya fi duka yana amsa ta 3.

12. Sau nawa ake wanke labule, kuma ta yaya?

Sau biyu a shekara ya isa: ƙarshen hunturu da ƙarshen damina. Tsakanin haka a riƙa kakkaɓewa duk mako. Ranar wanki, a fara kakkaɓe shi sosai a waje, sannan a jiƙa cikin ruwan sanyi zalla a zubar, sau biyu ko uku, har ruwan ya daina fitowa ja. Wanda ya fara da sabulu ya kwaɓa ƙurar ta zama laka ta shige zare. Bayan nan a sa sabulu kaɗan, a matsa da hannu, kar a murɗe. A shanya a inuwa, a mayar da shi kan sanda da sauran laima, nauyinsa zai miƙar da shi ba sai an yi guga ba.

Yadin auduga da lilin suna tsukewa a wankin farko, shi ya sa ake son kalmasar ƙasa mai faɗi da za a iya warwarewa. Mai baya kamar roba, wanda ke hana haske, ba ya son injin wanki ko dutsen guga, bayan yana mannewa ya ɓare. A goge shi a rataye. Zobban ƙarfe na sama a tsane su da tsumma nan take, in ba haka ba tsatsarsu za ta zubo a yadin. Labulen da rana ta riga ta cinye yakan yage a ruwa, a ja gefensa a hankali a gwada kafin a jiƙa.

13. Bulayin fa, yaya ake tsabtace shi, kuma me ake yi idan ya fara naɗewa a karkace?

A fara da busasshen tsumma ko buroshin fenti mai laushi, jiƙaƙƙe ya biyo baya. Mai falle a kwance, a sa tsohuwar safa a hannu a bi falle ɗaya-ɗaya. Na katako ba ya son ruwa ko kaɗan. Dare-da-rana ba a jiƙa shi a baho, yana sakin ƙarfinsa ya yamutse. Idan mai naɗewa yana gudu gefe ɗaya, a duba ko maƙalansa biyu suna kan layi ɗaya. In suna daidai, a sauke shi har ƙarshe, a manna ɗan guntun salatif a jikin bututun, a gefen da yadin yake gujewa, a ƙara wani a kai har ya daidaita.

Igiya ko sarƙar bulayin haɗari ce ga ƙananan yara, tana iya shaƙe wuya cikin ɗan lokaci kuma babu ƙara. A ɗaure ta a maƙali a bango, aƙalla mita 1 da rabi daga ƙasa, kar kuma a ajiye gadon yaro ko kujera a ƙarƙashinta.

14. Me za a duba a kujera kafin a biya, musamman kayan ɗakin amarya?

Abin da yadi ya rufe. In kafinta ne zai yi, a je a ga ƙashin kujerar kafin a lulluɓe shi, kafintan da ya yarda da aikinsa ba zai hana ba. Katakon ya zama busasshe, mai ƙarfi, ba ragowar falankin gini ba. Kusurwoyi su samu ƙarin katako da gam da sukuru, ba ƙusa kaɗai ba. Mazauni ya samu sifirin ko bel mai ƙarfi da aka saƙa kusa-kusa, tazarar da ba ta wuce faɗin yatsu uku ba. Ɗanyen katako shi ne babban abin gudu a lokacin da biki ya matso ana gaggawa: yana bushewa a ɗaki ya tsuke, haɗin ya saki, kujera ta fara ƙara. Wanda zai iya, ya sayi katakon da kansa a 'yan katako, kamar na Na'ibawa a Kano, ya ba shi lokaci ya sha iska.

In gamammiya ce a shago, a ɗaga ƙafar gaba ɗaya kamar santimita 15. Idan ɗaya ƙafar gaban ta zauna a ƙasa ba ta biyo ba, ƙashin yana murɗewa. A jijjiga hannun kujera, a danna bayanta a ji ko katako na taɓa hannu. A kuma auna ƙofar ɗaki da lungun shiga kafin ranar jere.

15. Yaya ake gane soso mai kyau?

Da nauyi, ba da tauri ba. Abin da masu sana'a ke kira densiti shi ne nauyin soso a kan girmansa. Na mazauni ya kai 28 zuwa 30 ko fiye, na jingina 20 zuwa 24 ya wadatar. Ana iya gwadawa da sikeli: soso mai santimita 60 da 60 da kaurin 15, idan densitinsa 30 ne zai yi kusan kilo 1.6, idan 18 ne ba zai cika kilo 1 ba. Maras nauyi yana iya yin tauri yana sabo, cikin watanni ya lotsa ya ƙi tasowa.

A nemi mai tambarin kamfani a jiki, irin su Vitafoam ko Mouka, a kuma gan shi da ido kafin a rufe. Akwai soson da ake cusa wa hoda don ya yi nauyi, alamarsa idan an murza gefensa yana zubar da gari. Kushin mai zif ya fi wanda aka ɗinke, domin ana iya canza soson kaɗai, duba amsa ta 20.

16. Yadi, karammiski, leda ko fata?

Ga gida mai yara, yadi mai matsattsiyar saƙa, mai launin ƙasa-ƙasa ko gauraye, shi ne ya fi rufa asiri. A ɗaga shi ga haske, in haske na ratsawa sosai saƙar ta yi sako-sako. Fari da baƙi duka suna tona ƙura. Karammiski yana da kwarjini amma yana riƙe ƙura da zafi, kuma inda ake yawan zama yana kwantawa ya canza launi.

Leda, wato fatar roba, tana da sauƙin gogewa, amma tana manne wa jiki da bazara, kuma ƙarshenta ɓarewa ne. Zafi, gumi da danshi suna ruguza fuskar robar, idan ta fara babu man da zai tsayar da ita. Fata ta gaske bayanta gashi-gashi ne, na leda kuwa yadi ne, a nemi ganin bayan kafin a biya kuɗin fata. Fata tana bushewa da hunturu, tana bukatar man gyaran fata sau biyu a shekara, kuma a nisanta ta da hasken taga.

17. Wace kulawa kujeru ke bukata da hunturu da damina?

Da hunturu a lulluɓe su da zanin gado a ranakun da ba baƙi. Ledar shago da wasu ke bari a jiki shekara da shekaru tana tara gumi ta jawo fumfuna, a cire ta. In babu na'urar zuƙe ƙura, a shimfiɗa jiƙaƙƙen zani da aka matse sosai a kan kujera a bubbuga, ƙurar za ta manne a zanin maimakon ta tashi ta sake sauka. A riƙa juya kushin duk mako biyu.

Da damina a janye kujera santimita 10 daga bango, musamman bangon gabas. In ta fara warin danshi, a fitar da kushin su sha iska a inuwa, a buɗe tagogi. Kaskon turaren wuta kuma a nisanta shi da labule da kujera. Hayaƙinsa mai maiƙo ne, yana sa ƙura ta manne, soso kuma idan ya kama wuta yana ci da sauri da hayaƙi mai guba.

18. Yaya ake fitar da tabo?

Ƙa'ida ɗaya ce: a dangwala, kar a goga, a fara daga gefen tabon zuwa tsakiya, kuma a gwada kowane haɗi a bayan kujera tukuna. Ruwa kaɗan, domin idan ya kai ga soso sai wari. Haɗin yau da kullum shi ne ƙaramin cokali 1 na sabulun wanke-wanke na ruwa a rabin lita na ruwan ɗumi, a yi aiki da kumfar. Shayi da lemo wannan ya ishe su.

Manja, miya ko humra: a kwashe na sama da cokali, a barbaɗa garin sitaci ko hoda, a bari minti 30 ya tsotse man, a kakkaɓe, sannan kumfa. Fitsarin yaro: a danne da tawul har ya tsane, a bi da farin binega da ruwa rabi da rabi, a barbaɗa bekin soda ya kwana. Jini: ruwan sanyi kawai, ruwan zafi yana dafa shi ya zauna. Biro: sipirit a jikin auduga, a hankali. Lalle rini ne, in ba a kwashe shi yana ɗanye ba da wuya ya fita. Bilic irin su Hypo da Jik yana cinye launi, kuma haɗa shi da binega yana fitar da iska mai guba.

19. Kuɗin cizo ya shiga kujera, ga kuma gari na zubowa daga ƙarƙashinta. Me za a yi?

Matsala biyu ce daban. Kuɗin cizo yana ɓuya a ɗinki, gefen zif da haɗin katako, alamarsa ɗigon baƙi-baƙi. Zafin da ya wuce digiri 50 yana kashe shi har ƙwansa. A cire rigunan kushin a jiƙa a ruwan zafi, a bi ɗinki da dutsen guga mai tururi, a cire baƙin yadin ƙarƙashi a kai ga katakon. Shanya a rana tana taimakawa, amma zafin ba ya kai tsakiyar soso mai kauri. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, saboda haka duk abin da aka yi a maimaita bayan mako biyu. Kar a zuba fiya-fiya ko Sniper a kujerar da mutane ke zama a kai, maganin gona ne, yana shiga jiki ta fata da numfashi. In abin ya yi yawa, a kira masu feshi da suka san aikin. Kujerar hannu kuwa a bincike ta a waje kafin ta shiga ɗaki.

Garin da ke zubowa, mai laushi da 'yan ƙananan huji a katako, ƙwaro ne ke cin katakon daga ciki, kuma ya fi son farin katako mai laushi. In ƙasa ce aka gani a jere kamar hanya, gara ce, sai a bi ta har inda ta fito a daɓe ko bango. A fitar da kujerar waje, a shafa wa katakon magani irin Solignum da buroshi, a bari warin ya fita kwana biyu ko uku. Baƙin mai ba na cikin ɗaki ba ne, yana ratsa yadi. Katakon da sukurudireba ke nutsewa a cikinsa ya gama, sai canji.

20. A sake wa tsofaffin kujeru riga ko a sayi sababbi?

Ƙashin ne ke yanke hukunci. A yi gwajin da ke amsa ta 14, a kuma duba ƙwaro kamar yadda ke amsa ta 19. In katakon lafiya yake, gyara ya fi, domin tsofaffin kujeru da yawa katakonsu ya fi na sababbin kasuwa. In zama kawai ya lotsa, a cire kushin a danna ƙasan: idan ƙasan ya zurma, bel ko sifirin ne ya saki, idan yana nan daram, soso ne ya mutu, kuma canza shi kaɗai ya wadatar.

Ga yadi mai faɗin inci 54 zuwa 60, mai zaman mutum uku takan ci yadi 10 zuwa 14, mai mutum biyu 8 zuwa 11, mai mutum ɗaya 5 zuwa 7, gwargwadon girma da salo. Mai manyan zane yana bukatar ƙari don zanen ya haɗu. A yi yarjejeniya da mai gyara tun farko cewa zai cire tsohon yadin gaba ɗaya, ba ɗora sabo a kai ba, zai nuna sabon soson kafin ya rufe, zai kuma dawo da ragowar yadin. A sayi ƙarin yadi 2 daga bandir ɗaya a ɗinka murfin hannu da na jingina, domin nan ne ke fara baƙi, kuma da wuya a sake samun launin daidai bayan shekara guda.